Famfon da ke Bayan Tukunya

Takardu biyu Manaja ya ajiye wa Auta a kan teburinta da safiyar Litinin, ya ce ta buga su kafin ƙarfe goma. Ta farko sanarwa ce ga dukkan ma'aikatan kamfanin sabulun, cewa za a tattara yadda ake dafa sabulu tun daga farko har ƙarshe a rubuta a littafi guda. Ta biyun wasiƙar sallama daga aiki ce. Sai da ta kai layi na uku tana bugawa sannan idonta ya koma sama, ya sauka a kan sunan wanda za a sallama. Yatsunta suka tsaya cak. Kawunta ne, yayan mahaifiyarta, wanda ya ɗauki nauyinta tun tana 'yar shekara shida da mahaifinta ya rasu, wanda kuma ya riƙo hannunta ya kawo ta ofishin nan ya roƙa mata aiki.

Manaja bai tafi ba. Yana tsaye jikin taga da kofin shayinsa.

"Wurin kwanan wata ki bar shi babu komai," in ji shi. "Ranar da littafin ya kammala, muka gwada muka ga yana aiki, ranar za ki cike. Kuma maganar nan tsakanina da ke ce."

"Ranka ya daɗe, ai kawuna ne."

"Na sani. Shi ya sa ma ke za ki rubuta littafin. Mutum biyu na tura masa, duk ya koro su. Ke ba zai kore ki ba."

Ta sunkuyar da kai. Manaja ya ajiye kofin, ya sassauta murya.

"Kada ki ɗauke ni mugu. Shekarunsa na ajiye aiki sun cika tun bara. Abin da ya sa har yau yake nan, babu wanda ya san abin da ya sani. A watan jiya da zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara, tukunya ma kwana tara ta yi a kwance, motoci suna jira a bakin ƙofa. Kamfani ba zai riƙa kwanciya duk ranar da mutum ɗaya ya kwanta ba. Ki duba yadda yake hawa matattakalar nan, sai ya tsaya sau biyu."

Auta ba mai yawan magana ba ce. A ofis ma har tsokanarta ake yi, wai sai an kashe fanka ake jin gaisuwarta. Ta ce to, ta ƙarasa buga wasiƙar, ta sa ta a aljihun tebur na ƙasa ta murɗa makulli.

Da rana aka tara ma'aikata a rumfar cin abinci. Manaja ya tsaya a gaba, ya ce ilimi iri biyu ne a kowane wurin aiki. Akwai wanda ke kan takarda, kowa na iya ɗauka ya karanta. Akwai kuma wanda ke cikin kan mutum da tafin hannunsa, wanda da yamma ta yi sai ya sa takalminsa ya tafi gida da shi. Ya ce manyan kamfanoni sun daɗe da gane cewa na biyun nan dukiya ne kamar inji da mota, har mutum guda suke warewa ba shi da aiki sai tattara shi da adana shi, don kada ya bi masu shi ya fita ta ƙofa.

Daga benci na ƙarshe Kawu ya yi gyaran murya. Sarkin Tukunya ake kiransa a kamfanin, kuma idan ya yi gyaran murya kowa waiwayowa yake.

"Ranka ya daɗe, wannan ne karo na huɗu. Mai kamfani na farko yana da wani baƙin littafi, kullum yana hammatarsa. Da ya rasu aka sa shi a saman kabad, rufi ya yi yoyo, muka tarar da shi ya koma kunu. Wanda ya gaje shi ya kawo katuna, kowane aiki da katinsa, aka jera a akwatin katako a sito. Ɓeraye suka cinye."

"Shi ya sa ɓerayen siton nan suka fi mu iya sabulu," in ji Dogo, mataimakin Kawu, magidanci mai 'ya'ya huɗu wanda bakinsa ba ya hutawa. Aka kwashe da dariya.

"Sai aka kawo kwamfuta," Kawu ya ci gaba. "Wata uku muna faɗa ana bugawa. Mutumin da ya san lambar buɗe ta ya samu aiki a wani gari. Tana can ofis an lulluɓe ta da tawul."

"Wannan karon ba za a lulluɓe komai ba," in ji Manaja yana murmushi. "'Yarka ce za ta rubuta."

Kawu ya dubi Auta daga can nesa. Ita kuwa ta ƙura wa farcen babban yatsanta ido.

Washegari ta ɗauki littafi da biro biyu ta gangara ɗakin tukunya. Tukunyar ta kai tsayin ɗaki biyu, baƙin ƙarfe ce, an zagaye bakinta da dandamali da ake hawa ta wata siririyar matattakala. Ba a hura mata wuta. Tururi ne ke shigowa ta ƙasanta cikin wani ƙaton bututu, ana buɗe shi da wani ƙarfe mai kama da sitiyarin mota a can saman dandamali. Wurin da zafi, ga warin kitse da na soda yana shiga har maƙogwaro. Kafin awa guda takardun littafinta sun yi laushi.

Abin da ake aunawa bai ba ta wahala ba. Durom kaza na mai, buhu kaza na soda, gishiri bayan awa kaza. Ta rubuta, ta karanta masa, ya gyaɗa kai. Inda aka samu cikas shi ne sanin lokacin da sabulu ya nuna. Kawu yakan tsoma wata doguwar muciyar katako, ya lakato kaɗan, ya bar shi ya huce a kan babban yatsansa, sannan ya taɓa da tsinin harshe ya lumshe ido.

"Idan ya cije ki kamar tururuwa, soda ta yi yawa. Idan kika ji shi lami, da saura."

"Cizon wace tururuwa, Kawu? Baƙa ko ja?"

"Ji 'yar nema. To rubuta ja."

"Malama, ki ƙara da cewa 'yar ƙarama, wadda ba ta karya kumallo ba," Dogo ya ce daga ƙasa.

Ta rubuta ja, ta soke. Ta sa aka kawo takardar gwaji mai canza launi daga ɗakin awo, duk lokacin da Kawu ya ɗanɗana sai ta tsoma ta ta rubuta launin da ya fito kusa da abin da ya faɗa. Kwana huɗu suna haka har harshensa da takardar suka fara faɗin abu ɗaya. Ranar ya daɗe yana kallon 'yar takardar a hannunta.

"Shekara goma na yi kafin harshena ya iya wannan," ya ce. "Ga shi kin ɗaure shi a tsinken takarda."

Bai faɗa da fushi ba, amma ta kasa cin abincin rana.

Haka suka yi ta tafiya. Ya gaya mata yadda kumfa ke komawa manyan ido idan gishiri ya kama, da yadda ake rage tururi ranar da hadari ya haɗu, da kalar man da ba a karɓa ko da mai kawowa ya rantse. Wani abin shi kansa bai san ya sani ba sai ta tambaye shi me ya sa ya yi kaza, ya tsaya ya yi tunani, ya yi dariya ya ce ashe da dalili. Kullum littafin na ƙara kauri, kullum idan ta koma ofis da yamma sai ta ji kamar aljihun tebur na ƙasa yana kallonta.

A rana ta takwas ta zo da wuri, kafin a buɗe tururi. Kawu yana ba ta labarin wani direba da ya taɓa yin barci a kan buhunan soda, yana tafe yana zagayawa bayan tukunya, wani lungu mai duhu tsakanin ƙarfe da bango. Ta bi shi don kada labarin ya wuce ta. Ya tsaya kamar mai hutar da ƙafa, ya ɗora diddigensa a kan wani abu kusa da ƙasa, bakinsa bai daina labari ba. Sai ta ji sanyi a ƙafarta. Ta duba, ruwa ne baƙi yana fitowa daga wani ɗan famfo, ya bi ta kan takalminta ya faɗa kwata. Da ruwan ya tsaya, Kawu ya ɗage ƙafarsa, ya hau sama ya murɗa sitiyari.

Washegari ma haka ya yi. Ta koma ofis ta ciro zanen injinan kamfanin daga kabad, ta baje shi a ƙasa ta bi bututun da yatsa tun daga farkonsa har inda ya shiga tukunya. Babu famfo a wurin. Ta samu Dogo a gefe ta tambaye shi me Kawu ke yi a bayan tukunya da safe.

"Sarki? Ai fitsari na ɗauka yake zuwa yi, shi ya sa nake kawar da kai. Shekara sha biyu ina ba shi sirrinsa."

Ta jira har lokacin hutun rana, Dogo ya tafi rumfa. Kawu yana zaune a kan durom da ya kife, yana murza gwiwarsa.

"Kawu, famfon nan na baya, wanda kake takawa. Ba ka gaya mini shi ba."

Hannunsa ya tsaya a kan gwiwar.

"Idonki irin na uwarki ne," ya ce daga baya. "Zauna."

Ta zauna a matakin farko na matattakala.

"Idan tukunya ta kwana ba aiki, ruwa yakan taru ya kwanta a cikin bututu. In kwana ɗaya ne, kaɗan ne. In an yi hutun kwana biyu, ya kai bokiti. Aka buɗe tururi a kansa, tururin ya kwaso shi ya harba cikin tukunya, ita kuma ta yi amai. Shekarar da aka haife ki ta yi wa abokin aikina haka, yana tsaye a bakinta. Bai mutu ba. Amma har ya bar duniya da mayafi yake rufe rabin fuskarsa. A cikin makon, makanikenmu na lokacin ya huda bututun ya sa wannan famfo. Bai gaya wa ofis ba, don kada a ce ya taɓa kayan kamfani. Mu uku muka sani. Biyun sun riga mu."

Auta ta buɗe littafi. Ya miƙo hannu ya dafe shafin.

"Wannan ki bar mini shi."

Ta ɗago ta dube shi.

"Kina tsammanin ban san da takardar ba? Tun ranar da Manaja ya fara gaishe ni da hannu biyu na san an rubuta. Ban ga laifinki ba, aikinki kike yi. Duk abin da kika tambaya na ba ki, har da harshena. Wannan ɗaya ne kawai. Su karɓi littafinsu, su gwada. Za ta yi musu ƙara, kwam, kwam, kamar ana dukanta da guduma. Su tsorata su rufe, su aiko a kira ni. Daga nan su san tukunya ba takarda ba ce, su bar ni in ƙara ko shekara biyu."

"In ba ta tsaya a ƙara ba fa?"

"Tana gargaɗi tukuna. Kullum sai ta yi."

"Ranar abokinka ta yi?"

Ya ɗauke hannunsa daga kan littafin, ya kalli bango.

"Ta yi. Shi ne bai gane ba."

"Dogo zai gane?"

"Ina nan kusa ai. Auta, in na zauna a gida me zan yi? Tun da matata ta rasu, ɗakin nan bango huɗu ne da agogo. Nan ne nake da mutane. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Ta rufe littafin.

Ran Juma'a ta miƙa wa Manaja littafin a buge, shafi arba'in da ɗaya, an ɗinke shi da bango mai kauri. Ya yi ta juya shafukan yana jinjina kai. Ya ce ran Litinin da safe za a gwada. Dogo ne zai tayar da tukunya shi kaɗai da littafi a hannu, Kawu kuma ya zauna a benci a waje, kada ya sa baki ko da kalma ɗaya. Auta ta maimaita ranar a ranta. Litinin, bayan hutun kwana biyu.

Ran Asabar da hantsi tana wanki a tsakar gida, Inna, mahaifiyarta, na shanya, ta kasa riƙewa ta faɗa mata komai. Inna ta saurara har ƙarshe, ta yarfe zanen da ke hannunta ta rataya.

"To meye abin damuwa? Layi ɗaya ne. Ya ce ki bari, kin bari."

"Inna, mutum zai iya ƙonewa."

"Yaya ya fi ki sanin tukunyarsa. Ya ce tana gargaɗi."

"Ya ce abokinsa bai gane ba."

Inna ta juyo, ta riƙe ƙugu.

"Ke da kika yi ciwon da kowa ya cire rai, wa ya goya ki a baya ya kai ki asibiti da ƙafa, cikin ruwan sama? Manaja ne? Kamfanin nan ya shanye ƙuruciyar Yaya, yanzu sun tsotse shi za su tofar. Ke kuma da hannunki za ki tura shi waje? In kika yi, da wane ido zan dube shi?"

"Dogo 'ya'yansa huɗu."

"To ki raɗa wa Dogon a kunne mana."

"In Dogo ya sani, tukunya za ta tashi lafiya. Duk ɗaya ne da na rubuta."

Inna ta ɗauki wani zanen. Can ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ni dai ɗan'uwana ɗaya ne a duniya."

Auta ta ci gaba da cuɗa rigar da ta riga ta fita tun ɗazu, har bayan yatsunta ya yi ja.

Ran Litinin ƙarfe bakwai da rabi kowa ya hallara. Ma'aikatan yanka da na naɗe sabulu sun bar wurarensu sun tsaya daga bakin ƙofa suna leƙe. An ajiye wa Kawu benci a waje, a inda zai iya hango tukunyar ta ƙofa. Ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya harɗe hannuwa. Manaja yana ƙasan matattakala da agogo a hannu. Auta na gefensa.

Dogo ya ɗaga littafin sama kamar mai nuna wa jama'a kyautar da ya ci.

"Sarki, ka yafe mini. Yau na yi sabon maigida, kuma shi ba ya zagi."

"Ka dai karanta da kyau, kada ka riƙe shi a kife," Kawu ya amsa daga waje. Aka yi dariya, amma muryarsa ba ta fita yadda ta saba ba.

Dogo ya bi shafi na ɗaya. Ya duba ma'aunin mai, ya leƙa cikin tukunya inda sabulun ran Juma'a da ba a gama ba ya kwana ya yi kauri, ya duba murfin kwata. Komai yana karantawa da ƙarfi kafin ya yi. Sannan ya hau matattakala, ƙarfen yana amsa takunsa. Ya tsaya a bakin tukunya, ya ajiye littafin a kan wani durom, ya kai hannu biyu ya kama sitiyari.

Auta ta waiwaya ta dubi ƙofa. Kawu ya tashi daga bencin. Yana tsaye, hannunsa ɗaya a jikin ƙyaure, idonsa a kan Dogo. Ta jira ya yi magana. Ta ƙirga numfashinta ɗaya, biyu. Kafaɗar Dogo ta fara juyawa.

"Dogo, tsaya."

Ba ta san muryarta na iya kaiwa saman dandamali ba. Dogo ya saki sitiyarin ya leƙo.

"Malama, lafiya? Na tsallake layi ne?"

Auta ta bar gefen Manaja. Ta zagaya bayan tukunya, ta laluba da ƙafa cikin duhu har ta samu ɗan ƙarfen, ta taka. Ya ƙi motsi. Ta dafa bango ta hau kansa da dukkan nauyinta. Ruwa ya ɓalle, baƙi ƙirin, mai sanyi, ya cika kwata ya malalo har tsakiyar ɗaki, ya kewaye takalman Manaja. Ya daɗe yana zuba. Daga baya ya koma ɗigo.

Dogo ya sauko a hankali. Ya kalli ruwan, ya ɗaga kai ya bi bututun da ido har inda ya shiga tukunya, daidai ƙarƙashin wurin da ya tsaya ɗazu. Ya daɗe a aikin, ba ya buƙatar bayani. Ya juya ya dubi Kawu a bakin ƙofa. Wannan karon bai samu abin barkwanci ba.

"Mene ne wannan?" in ji Manaja. "Me ya sa ba ya cikin littafi?"

"Ya gaya mini, ranka ya daɗe," Auta ta ce, idonta a ƙasa. "Ni ce na manta ban buga ba."

Manaja ya dube ta, ya dubi ƙofa, ya sake dubanta. Ya ciro biro daga aljihunsa ya miƙa mata.

"Rubuta yanzu. A saman shafi na ɗaya."

Ta hau ta ɗauko littafin, ta ɗora shi a gwiwa ta rubuta da manyan baƙaƙe: kafin a taɓa tururi, a zagaya bayan tukunya, a taka famfon da ke ƙasa har ruwa ya ƙare. Rubutun ya karkace. Manaja ya sa aka kawo jan fenti aka shafa wa famfon, aka ɗaura ƙwan lantarki a lungun.

Tukunya ta tashi lafiya, ko tari ba ta yi ba. Dogo ya yi aikinsa shiru, yana tsoma takardar gwaji yana duba launi. Ƙarfe uku sabulu ya nuna, aka kai ɗakin awo, suka ce ba shi da maraba da na kullum. Kawu yana kan benci tun safe. An kawo masa shayi ya huce a gefensa.

Ƙarfe huɗu saura kaɗan, Manaja ya leƙo ofis ya ce ta cike kwanan wata. Ta buɗe aljihun tebur, ta cike, ya sa hannu. Ya ce zai kai da kansa. Ta ce a'a, ya bari ita ta kai.

Ta same shi a ɗakin canza kaya, ya buɗe kabad ɗinsa yana fito da abubuwa yana jerawa a benci: tsohon kofi, tawul, takalman roba da suka tsage, wani ɗan madubi. Ta tsaya a bakin ƙofa da ambulan a hannu.

"Kawu."

"Shigo mana. Ba a hana mata shiga ba in babu kowa."

Ta miƙa masa da hannu biyu. Ya buɗe, ya nisanta takardar da idonsa, ya matso da ita, ya girgiza kai.

"Na bar tabarau a gida. Karanta mini."

Ta so ta ce ba za ta iya ba. Ta karɓa ta karanta. Kamfani yana godiya bisa hidimarsa ta shekara talatin da ɗaya, yana yaba gaskiyarsa da riƙon amanarsa, yana sanar da shi cewa daga ƙarshen wannan mako ya huta. A wurin riƙon amana ta ɗan tsaya, sannan ta wuce.

"Talatin da uku ne," in ji Kawu.

"Na'am?"

"Talatin da uku. Shekara biyun farko ba a rubuta sunan leburori. Ni na ɗauko tubalin ɗakin tukunyar nan a kaina. A gyara."

"To, Kawu." Ta juya, ta sake juyowa. "Kawu, da na yi shiru ɗazu, za ka yi magana?"

Ya ɗauki tawul ɗin ya ninke shi biyu, ya sake ninkewa, ya daidaita gefensa da yatsa.

"Je ki gyara takardar, Auta."

Ta hau sama. Manaja yana haɗa jakarsa. Ta gaya masa, ya ciro fayil ɗin Kawu daga kabad ya buɗe mata shafin farko, ya nuna kwanan watan da yatsa.

"Talatin da ɗaya ke rubuce. Akwai wanda zai shaida sauran biyun?"

Ta yi tunani. Makaniken ya rasu, abokin aikin ya rasu, mai kamfani na farko ya rasu.

"Babu, ranka ya daɗe."

"To ba zan sa hannu a kan abin da ba ya cikin fayil ba. Ki ba shi haƙuri."

Ya rataya jakarsa ya fita. Auta ta tsaya a saman bene da takardar a hannu. Daga nan tana jin ƙarar ƙofar kabad ɗin Kawu a ƙasa, yana rufewa tana buɗewa, don makullinta ya daɗe da lalacewa. Ta share fuskarta da gefen mayafi, ta mayar da wasiƙar cikin ambulan, ta fara sauka.